Gwajin hali sau biyu, sakamako biyu: wanne ne nawa?

Ɗan_Agege92:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambayata ga waɗanda suka karanci ilimin halayyar ɗan Adam ce, ko masu aikin ɗaukar ma'aikata. Watan jiya na nemi aikin kula da sito a wani kamfani a Ikeja. Kafin intabiyu suka turo mini wasu tambayoyi ta waya, irin su "ina jin daɗin zama cikin taro" da "nakan gama aiki kafin lokacinsa", kowacce sai ka zaɓa daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai". Na cike, sakamako ya ce ni mai son kaɗaici ne. Bayan mako uku aka ce na'urarsu ta sami matsala, kowa ya sake. Tambayoyin nan dai su ne, kuma wallahi ban yi niyyar canza komai ba, sai ga shi an ce ni mai son shiga jama'a ne. Mako uku kacal! Mu dai mun taso mun ji ana cewa hali zanen dutse. To ni ne na canza ko abin awon ne ba shi da tabbas? Kuma ta yaya ake gane cewa irin wannan gwaji abin dogaro ne? Abin ya tsaya mini a rai, domin da shi ake yanke hukunci a kan abincin mutum.

Baba_Mile12:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma shekarata talatin ina awo a kasuwa. Sikelin da za ka ɗora masa buhun albasa ya ce kaza, ka sauke ka sake ɗorawa ya ce wani abu dabam, ba a ciniki da shi. Ajiye shi ake yi. Ban ga dalilin da zai sa a auna mutum da abin da ba za a yarda a auna albasa da shi ba.

Saudat_Akoka:
Baba, Allah ya ƙara girma, ai kun faɗi rabin darasin da muke yi a aji. Ina digiri na biyu a wannan fanni a nan Akoka, bari in ɗan yi bayani.

Abin da Baba ya kwatanta shi ne hanya ta farko ta auna tsayuwar ma'auni: a gwada, a jira, a sake gwadawa. Ana ba mutane da yawa takardar, bayan mako biyu ko wata guda a sake ba su, sannan a lissafa yadda makinsu na farko ya yi daidai da na biyu. Amsar lamba ce tsakanin 0 da 1. Idan ta kusa 1, wanda ya zo sama a karon farko shi ne a sama a karo na biyu. Idan ta kusa 0, to awon bai fi jefa kwabo ba. Ku lura, da jama'a ake yin wannan lissafi, ba da mutum ɗaya ba.

Hanya ta biyu ba ta bukatar jira. Ana duba ko tambayoyin da aka ce hali ɗaya suke aunawa suna tafiya tare. Idan tambayoyi takwas duk a kan son shiga jama'a suke, ya kamata wanda ya amsa shida da "na yarda" kada ya bambanta sosai a sauran biyun. Lambar da ke nuna wannan ita ce alfa, wadda Lee Cronbach ya bayyana a 1951, kuma har yau ita aka fi kawowa a rubuce-rubucen bincike. An saba karɓar 0.7 zuwa sama idan bincike kawai ake yi. Amma idan hukunci za a yanke a kan mutum guda, kamar ɗaukarsa aiki, masana sun daɗe suna cewa a nemi 0.9 ko fiye.

Yaya Ɗan_Agege, tambaya ɗaya: sakamakon da suka ba ka maki ne, ko haruffa huɗu?

Ɗan_Agege92:
Haruffa huɗu ne, malama. Na farko ya fara da I, wato mai son kaɗaici, na biyu ya fara da E, wato mai son shiga jama'a. Sauran ukun ba su canza ba.

Injiniya_Apapa:
Wannan ai MBTI ne, gwajin halin nan mai ba mutum haruffa huɗu, ko ɗaya daga cikin masu kwaikwayonsa. An yi mana shi a wurin aiki. Carl Jung ne ya ƙirƙiro shi, babban masani ne, saboda haka ban jin za a ce shirme ne.

Saudat_Akoka:
Injiniya, ɗan gyara kaɗan. Jung ya rubuta littafinsa a kan nau'o'in halaye a 1921, amma bai tsara wannan gwaji ba. Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers ne suka gina shi a Amurka a shekarun 1940, bisa fahimtarsu ta littafin nasa.

Kuma amsar da Yaya ya bayar ta warware mini matsalar. Gwajin yana raba mutane gida 16, kuma don ya yi haka dole ya ja layi a tsakiyar kowane hali. Matsalar ita ce yawancin mutane a tsakiyar suke, ba a gefe ba, kamar dai tsayi: dogaye ƙwarai kaɗan ne, gajeru ƙwarai kaɗan ne, sauran jama'a matsakaita. A ce layin yana kan maki 50. Ka sami 48 yau, an kira ka I. Bayan mako uku ka canza amsar tambaya biyu, ka sami 52, an kira ka E. Makinka bai motsa sosai ba, sunan da aka laƙaba maka ne ya juye gaba ɗaya. Wannan shi ne babban sukan da masu bincike suke yi wa gwajin tun da daɗewa, cewa mutane da yawa suna faɗawa wani gida dabam idan aka sake gwada su bayan 'yan makonni. Su kansu masu gwajin na asali suna cewa ba a yi shi don tace masu neman aiki ba.

MamanHanif:
To ni dai na yi wani a Facebook, kuma wallahi kamar wanda ya rubuta ya san ni tun ina yarinya. Har hawaye na yi. Ya za a ce ba gaskiya ba ne?

Likitan_Yaba:
Maman Hanif, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba laifinki ba ne. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa gwajin hali, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takarda ya ce ga bayanin halinka. Ya ce su ba bayanin maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ya dace da su. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai kusan 4.3. Daga baya ya gaya musu cewa takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma daga littafin taurari ya tsinto yawancin jimlolin. Magana ce irin "kana son mutane su so ka, amma kana yawan zargin kanka", wadda duk wanda ya karanta zai ga kansa a ciki. Saboda haka jin cewa bayani ya dace da ke ba hujja ba ce cewa an auna ki.

Sai kuma in ƙara a kan misalin Baba. Akwai mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki. Sau ɗari ka auna da shi, sau ɗari zai ba ka abu ɗaya, bai taɓa saɓawa ba, amma kullum a tauye yake. Wannan mudu yana da tsayuwa, ba shi da inganci. Gwajin hali ma haka ne: yana iya ba da amsa ɗaya kullum alhali ba abin da aka ce yana aunawa yake aunawa ba. Sai dai wanda ba shi da tsayuwa ba zai taɓa yin inganci ba, shi ya sa ake fara bincike daga nan.

Baba_Mile12:
Likita ka san kasuwa. Irin wannan mudun mun sha kama shi.

Hajiya_HR_Ikoyi:
Bari in yi magana daga ɓangarenmu, tunda shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan aiki. Idan aka tallata gurbi ɗaya a Legas, takardun da ke shigowa sai sun cika tebur. Dole a sami abin tacewa. Kuma intabiyun da kuke ganin ya fi adalci, shi ma awo ne, mai rauni kuwa. Na sha zama da abokan aiki biyu mu ga mutum ɗaya, mu fito da ra'ayi uku. Wani karin harshen mai nema ne bai yi masa ba, wani sunansa ya gani ya yanke hukunci, kuma mu 'yan Arewa mun san wannan ciwon a garin nan. Takarda aƙalla tambaya ɗaya take yi wa kowa.

Inda na yarda da Saudat shi ne, ba kowace takarda ba ce. Mu wadda ke ba da maki a kan manyan halaye biyar da masana suka ware, wato son shiga jama'a, tsari da himma, sauƙin hali, yawan damuwa da son sabon abu, muke amfani da ita, ba mai raba mutane gida-gida ba, kuma ba mu taɓa hana mutum aiki saboda ita kaɗai ba. Duk kamfanin da ya sayar mana da gwaji sai na nemi littafin bayaninsa na ga lambobin tsayuwarsa da kuma su wa aka gwada. Wanda ya kasa kawowa, mun rabu ke nan.

Sadiq_Obalende:
Hajiya da girmanki, amma wa zai nemi aiki ya rubuta cewa shi malalaci ne? Kowa ya san amsar da ake so. Ni da kaina na taɓa cikewa, duk inda na ga maganar tsari da zuwa aiki da wuri na danna "na yarda ƙwarai". Ashe ke nan wanda ya fi iya gane abin da kuke so kuke ɗauka.

Hajiya_HR_Ikoyi:
Gaskiya ne Sadiq, ana yi, ba zan musa ba. Akwai dabarun rage shi, kamar a ba ka jimloli biyu masu kyau duka a ce zaɓi wadda ta fi kama da kai. Amma ragewa ce, ba kawarwa ba.

Likitan_Yaba:
Tsohuwar matsala ce. Gwajin halin nan mai suna MMPI da ake amfani da shi a asibitocin ƙwaƙwalwa, wanda ya fito a 1943, tun farko an saka masa tambayoyin kama mai gyara kansa. Ana tambayar ƙananan kurakuran da kusan kowa yana yi, kamar jin haushi wani lokaci. Wanda ya ce shi bai taɓa yin ko ɗaya ba, sai a yi hattara da sauran amsoshinsa. Bugun 1989 tambayoyi 567 gare shi, ba abin da za a cike a cikin danfo ba ne.

Ɗan_Agege92:
Likita ka tuna mini. Na farkon a cikin mota na cike shi, muna tsaye a gosulo wajen Oshodi, ga zafi ga hayaniya, ban ƙi a ce kowa ya ɓace ba a lokacin. Na biyun kuwa ranar Asabar ne a gida bayan an yi sunan ɗan yayana.

Saudat_Akoka:
To ka gani. Wannan shi muke kira kuskuren awo: duk abin da ya shiga cikin makinka wanda ba halinka na dindindin ba ne, gajiya, yunwa, zafi, rashin fahimtar tambaya. Ana iya ƙiyasta girmansa ma. Misali, a gwajin da tazarar makin jama'a, wato yadda makinsu ya saba nisa da matsakaici, take 10 kuma tsayuwarsa 0.8, kuskuren awo yana kusan maki 4 da rabi. Ma'ana idan ka sami 52, abin da za a iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne makinka na gaskiya yana wani wuri tsakanin 43 da 61. Wanda ya san wannan ba zai bambanta mai 48 da mai 52 ba.

Malam_Idi_Araba:
Ina bin maganarku tun ɗazu. Abin da nake so in jawo hankalinku a kai shi ne, mu a tarbiyyarmu yabon kai jahilci ne. Ka tambayi dattijon kirki "kai mai amana ne?" ba zai ce "ƙwarai" ba, zai ce "to, muna dai ƙoƙari, Allah ya rufa asiri". Wanda bai kai shi ba kuma ya buga ƙirji. Idan aka bi takarda, na biyun ya fi maki.

An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar zai yi wa wani shaidar kirki. Umar ya tambaye shi: maƙwabcinsa ne kai, da ka san shigarsa da fitarsa? Ya ce a'a. Kun taɓa tafiya tare? A'a. Kun taɓa hulɗar dinari da dirhami? A'a. Ya ce to ba ka san shi ba. Har yau idan za mu ba da aure a Idi-Araba haka muke yi, maƙwabta da abokan ciniki muke tambaya, ba ma miƙa wa yaro takarda ya ba da labarin kansa.

Saudat_Akoka:
Allah ya gafarta Malam, masana ma sun iso wurin da kuke. Gwajin hali mai suna NEO PI-R na Costa da McCrae, wanda ya fito a 1992 da tambayoyi 240, kashi biyu ne: wanda mutum zai cike da kansa, da wanda matarsa ko abokinsa zai cike a kansa. Idan aka gwama, ana samun dacewa matsakaiciya, ba cikakkiya ba. Akwai abin da kai kaɗai ka sani game da kanka, kamar damuwar da ke cikin zuciya, akwai kuma wanda na kusa da kai ya fi ka gani.

Maganar kunya kuwa ita ce ciwon kaina a yanzu. Aikina shi ne mayar da wata takarda mai tambayoyi 44 zuwa Hausa. Na bi ƙa'ida: na fassara, na ba wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, muka gwama, muka gyara. A takarda komai ya yi kyau. Da na je gwajin farko da 'yan kasuwa, alfa ta faɗi ƙasa da abin da ake karɓa a halaye uku cikin biyar. Da na zauna na bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya sai na ga dalili. Akwai tambayar da ke nufin mutum mai noƙewa cikin jama'a, ni kuma na sa "mai kunya". A wurin masu gwajin wannan alamar rashin sakewa ce, a wurinmu kuwa yabo ne. Mai tumatirin da muryarsa ke kaiwa ƙarshen layi ya ce shi mai kunya ne ƙwarai, kuma gaskiya ya faɗa, domin ba ya haɗa ido da surukinsa. Na biyu, tambayoyin da ake juyawa. Ana sa "ina da yawan magana" a wuri ɗaya, a sa "ni mai shiru ne" a wani wuri, don a ga ko mutum yana lura. Dattawa da yawa duka biyun suka ce "haka ne", saboda ni nake karanta musu, kuma ba sa son su yi ta musa wa baƙuwa 'yar cikinsu.

Likitan_Yaba:
Ba ke kaɗai kika gamu da wannan ba, Saudat. A 2013 Michael Gurven da abokan aikinsa sun gwada irin wannan takarda a wurin mutanen Tsimane na ƙasar Bolibiya, manoma da mafarauta, halaye biyar ɗin ba su fito ba, biyu suka samu. A 2019 kuma wani bincike ya tattara amsoshin mutane sama da 94,000 daga ƙasashe 23 masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki. Inda aka yi tambayoyin baki da baki tsarin ya rikice, inda mutane suka cike da kansu ta intanet ya fi fitowa daidai. Cikin dalilan da suka kawo har da tasirin mai yin tambayar da kuma sabon cewa "e" ga komai.

Zinariya_Surulere:
To me ya hana a gina namu daga tushe? Su ma ai daga ƙamus suka fara. Allport da Odbert sun tsinto kalmomi kusan 18,000 masu bayyana hali daga ƙamusun Turanci a 1936, daga nan aka yi ta tacewa har aka iso biyar. Mu ma muna da namu kalmomin. Kirk-Greene ya yi lacca a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, aka buga ta a 1974, ya lissafa gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. A ina kara da kawaici za su zauna a cikin biyar ɗin nan? Afirka ta Kudu sun yi irin wannan aiki, sun tattara kalmomin hali daga harsunansu 11 suka gina nasu ma'aunin.

Injiniya_Apapa:
Na karɓi gyaran ɗazu. Amma Zinariya, a Legas muke. Kamfani ɗaya akwai Bayarabe, Ibo, Bahaushe, Tibi. Idan kowa da ma'auninsa, ta yaya za a gwama su a gurbi ɗaya?

Zinariya_Surulere:
Yanzun ma ba a gwama su daidai ba, Injiniya, tunda kalma ɗaya ma'ana biyu take ba su. Bambancin kawai ba a ganin matsalar.

Aliyu_Ojo:
Afuwan, ɗalibi ne ni, ina aji huɗu. Alfar takardata ta fito 0.6, malamina ya ce in gyara. In goge tambayoyin da ke ja da ita ƙasa?

Saudat_Akoka:
Ƙanena, kafin ka goge komai duba ko ka juya makin tambayoyin da aka juya, nan yawancin ɗalibai suke faɗuwa. Sannan ka sani alfa tana hawa da yawan tambayoyi. Bisa lissafin Spearman da Brown na 1910, gwajin da ke da 0.6 idan ka ninka tsawonsa da tambayoyi masu kyau irin na farko zai kai 0.75. Shi ya sa gajerun takardu masu tambaya biyu ga kowane hali suke da ƙaramar alfa ko da suna da amfani. Kada kuma ka bi lambar ido rufe: idan ka yi tambaya ɗaya sau goma da kalmomi dabam-dabam za ka sami 0.95, amma ɗan lungu ɗaya na halin ka auna. Idan ka goge tambaya, ka rubuta a aikinka cewa ka goge da dalilin gogewar. Ka lissafa omega ta McDonald ma, wata lamba ce mai aiki irin na alfa, manhajar jamovi kyauta ce kuma tana yi.

MamanHanif:
Ni tambayar farko ce har yanzu ba a amsa mini ba. Hali yana canzawa ko ba ya canzawa? Mijina da muka zo Legas ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa, yanzu shi ne mai sasanta rigima a unguwa.

Likitan_Yaba:
Yana canzawa, amma a hankali, cikin shekaru. Roberts da DelVecchio sun haɗa bincike masu yawa a 2000, suka ga tsayuwar hali tana ƙaruwa da shekaru: kusan 0.3 a yarinta, ta haura 0.7 bayan shekara 50. Ko a tsufa ba ta kai 1 ba. Canjin mijinki na shekaru ne, irin wanda zama da mutane ke kawowa. Na Ɗan_Agege na mako uku ne, wannan kuwa awo ne ya motsa.

Baba_Mile12:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Yaron da zan ba amanar shago sai ya yi wata shida a gabana ina kallon hannunsa.

Hajiya_HR_Ikoyi:
Baba, ku kuna da wata shida da yaro ɗaya. Ni mako biyu ake ba ni da mutum ɗari uku.

Ɗan_Agege92:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Sun kira ni intabiyu ranar Talata. Hajiya, idan suka kawo maganar sakamakon nan biyu, ya dace in gaya musu a cikin gosulo na cike na farkon, ko in bari sai sun tambaya?

Hajiya_HR_Ikoyi:
Bari sai sun tambaya, ƙanena. In sun tambaya ka faɗi yadda aka yi, kada ka ƙara kada ka rage. Ka tafi da takardar shaida daga inda ka yi aiki a baya, wadda ke nuna kayan da aka damƙa maka da yadda ka riƙe lissafinsu. Kuma ka fita da wuri, ka san hanyar Ikeja da safe.